Yadda za ka ga kayanka sanye da tambarinsu kafin ka biya kuɗin buga sitika

Ko man riɗi kake matsewa, ko garin aya kake niƙawa, ko sabulu da humra ake haɗawa a cikin gida, akwai wurin da kuɗin mai ƙaramar sana'a ke yawan nutsewa a Maraɗi: wurin buga sitika. Mutum zai kai suna da tambari madaba'a, a ce masa in ya buga 500 a tashi guda za a yi masa ragi, ya yarda. Sai ya dawo gida ya manna ta farko a kwalba, a nan zai ga rubutun ya yi ƙanana, ko launinsa ya saje da na man, ko takardar ta fi jikin kwalbar tsawo har ta tattare a wuya. Ga sauran 499 nan cikin leda, kuma madaba'a ba ta maida kuɗi.

Hoton samfur, wanda masu zane ke kira maket, shi ke tare wannan asarar. Hoto ne na kayanka sanye da sitikarsu kamar an gama komai, alhali ko takarda ɗaya ba a buga ba. Da shi kake gyara kuskure tun yana kyauta, da shi kuma kake jin bakin masu saye kafin ka zuba jari. Wayar hannu ta isa, sai ƴar mega kaɗan da zare da abin awo.

Fara da mazubi, ba da waya ba

Yawancin masu farawa suna buɗe manhajar zane ta Canva ne, su ga wata kwalbar gilashi mai murfin katako, su ɗora sunansu a kai, su yi ta murna. Kwalbar nan babu ita a Maraɗi, babu ita a Katsina. Ranar da aka kai wa mai saye mansa cikin robar da kowa ya sani, zai ji an yi masa wayo ko da man ya fi wanda ya zata kyau. Don haka matakin farko a ƙafa ake yin sa.

Shiga babbar kasuwa wajen masu robobi da kwalabe da ledojin ƙunshi, ka zaɓi mazubin da za ka iya saye kowane wata ba tare da aljihunka ya yi kuka ba. Sayi biyu ko uku kawai. Kafin ka tashi ka tambayi mai shagon: "Alhaji, wannan tana zuwa kullum, ko sau ɗaya ta shigo?" Tambayar tana da muhimmanci, domin da yawa daga cikin robobin nan daga Najeriya suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma wani samfurin kan ɓace daga kasuwa a wayi gari sai mai kama da shi, mai ɗan faɗi ko ɗan gajarta. Wanda ya saba zama a kasuwa shi za ka riƙe, ko da bai kai ɗayan kyau ba.

A gida sai awo. Ɗauki zare ka naɗa shi sau ɗaya a cikin kwalbar, ka kama inda ya haɗu da farce, ka miƙe shi a kan abin awo. A ce ya ba ka santimita 24. Sannan auna tsayin wurin da yake miƙe santal, daga inda kafaɗar kwalbar ta gama lanƙwasa zuwa inda gindinta ya fara. Nan kaɗai sitika ke kwanciya lafiya. In ta hau lanƙwasa sai ta yi ƙunci. Ka rage kamar rabin santimita sama da ƙasa.

Ga abin da ake yawan mantawa: wanda ya tsaya gaban kwalba mai zagaye rabinta kawai yake gani, kuma abin da zai iya karantawa ba tare da ya juya ta ba bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Kenan a kwalbarmu mai santimita 24, sunan kaya dole ya shiga cikin santimita 8 na tsakiya. Suna mai tsawo irin na "Ingantaccen Tataccen Man Riɗi Na Gargajiya" ba zai shiga ba sai an matse shi ya zama tururuwa. Tun nan za ka san ko sunanka na buƙatar aski.

Abin da zai hau takardar

Kafin zane, rubuta komai da biro. Sunan kaya, abin da ke ciki, nauyi ko yawa, lambar waya, unguwa ko gari, da ƙaramin fili fari da za a buga ranar haɗawa da ranar ƙarewar aiki da hatimi ko a rubuta da hannu. Kada ka buga kwanan wata a cikin zanen kansa, in ba haka ba sitikar watan nan ba za ta yi amfani a wata mai zuwa ba. Farashi ma haka. Kuɗin riɗi da na gyaɗa ba sa tsayawa wuri guda tsakanin kaka da bazara.

Abu biyu ne ba na so in gani a sitika, ko da a hoton gwaji ne. Ɗaya, da'awar magani: "yana maganin sukari da hawan jini" a jikin garin zogale. Ɗaya kuma, tambarin hukuma ko lambar rajista da ba a ba ka ba. A Nijar hukumar ANMC ce ke kula da ƙa'idojin inganci da shaidar kaya, a Najeriya kuma abincin da aka ƙunsa don sayarwa yana buƙatar lambar NAFDAC. Zanukan da ake saukewa daga intanet sukan zo da lambobi da layukan nan baƙaƙe na awon farashi a matsayin ado. Goge su duka.

Shi ma sunan, bincika shi tun yanzu. Rubuta shi a Facebook da TikTok ka ga ko wani ya riga ka, ka kuma leƙa shagunan gari. In sana'ar ta kama ƙasa har kana son kare sunan da doka, Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17 na tsawon shekara 10, ana kuma sabuntawa. Najeriya ba ta cikinta, tata rajistar daban take.

Zanen sitika a shimfiɗe

Buɗe Canva ko PixelLab, wata manhajar zane ta waya, ka sa girman da ka auna. Canva yana karɓar santimita kai tsaye. PixelLab, wanda ke aiki ko babu intanet, da fiksel yake lissafi, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, to ka riƙe wannan: don bugu ya fita tsaf, kowace santimita tana son fiksel 118. Sitika mai santimita 9 da 6 kenan fiksel 1062 da 708. Ka ƙara milimita 3 na launin bango a kowane gefe don wuƙar yanka, kada kuma ka kai rubutu bakin iyaka.

Launi biyu, in ya yi yawa uku. Ba don tsari kawai ba, har don aljihu: a bugun riga da jaka na hannu, kowane launi da nasa allon, a bugun leda na inji kuma kowane launi da nasa farantin, kuma duk kai za ka biya. Salon rubutu ma biyu sun isa.

A nan masu rubutu da Hausa ke cin karo da wata matsala. Salon rubutu da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Za ka rubuta "ƙuli-ƙuli" ka ga harafin farko ya fito siriri daban da ƴan uwansa, ko ya zama ɗan akwati. Gwada kalmomin nan huɗu a duk salon da ya burge ka kafin ka ƙaunace shi: ƙuli, riɗi, zoɓo, ƴaƴa. Noto Sans yana ɗauke da su duka. Game da harshe kuwa, ni dai na fi son sunan kaya da Hausa da manyan baƙaƙe, bayanin abin da ke ciki da Hausa da Faransanci da ƙanana. Mai niyyar kai kaya kasuwannin ƙauye ya yi tunanin ƙara sunan da ajami; akwai dattawa da matan gida da yawa da nan idonsu zai fara sauka.

Ajiye zanen a matsayin PNG, wani nau'in fayil ɗin hoto. In tambarinka za a ɗora shi kan riga ko kofi, yana buƙatar bango marar launi. A Canva wannan sai mai biyan kuɗi, amma PixelLab yana yin sa kyauta.

Ɗaukar hoton mazubin

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Cika mazubin da kayan gaske. Man gyaɗa, man riɗi, zuma, kowanne da launinsa, kuma launin nan rabin tallar ne. Goge jikin robar da tsumma mai laushi, ka goge idon kamarar wayar ma, musamman lokacin hunturu da ƙura ke hawa komai. Samo farin kwali babba irin na ƴan makaranta, jingina rabinsa a bango, rabi ya kwanta a ƙasa, ya lanƙwasa a tsakiya ba tare da ka karya shi ba. Ajiye kwalbar a kansa.

Haske na inuwa kake so, ba na rana tsaka ba. Ƙarƙashin rumfa ko bakin ƙofar ɗaki da hantsi, ko bayan la'asar. Kashe fitilar waya. Hasken ya zo daga gefe ɗaya. A ɗaya gefen sa wani yaro ya riƙe farar takarda kusa da kwalbar, za ka ga da idonka yadda duhun gefen ke washewa yayin da yake matso da ita. Sauko da wayar daidai tsakiyar kwalbar, kada ka ɗauka daga sama. Ja baya kamar taku biyu ka jawo hoton kusa da ninki biyu, domin in wayar ta matsa sosai kwalbar kan fito da ƙaton ciki da ƙaramin kai. Ɗauki na tsaye da na kwance, ka bar fili a gefe inda rubutun talla zai zauna daga baya.

Bayan na farin kwali, ɗauki wasu a inda kayan ke rayuwa: kan faifai kusa da ƙwaryar riɗi, kan tabarma, a hannun mutum. Hoton hannu yana nuna girman kaya fiye da duk wani bayani.

Ɗora sitika a kan hoton

Abu mai shimfiɗaɗɗen jiki, kamar ledar garin aya ko kwalin sabulu ko jakar takarda, ba shi da wahala. A PixelLab sa hoton a matsayin bango, shigo da sitikar, rage ta daidai awon gaske. In faɗin ledar santimita 14 ne sitikar kuma 9, to a hoton ma ta ci kusan kashi biyu cikin uku na faɗin, kada ka kumbura ta don ta yi kyau. Akwai wurin jan kusurwoyi huɗu don ta bi karkatar kayan. Rage ƙarfin launinta kaɗan, ka ga ta daina kama da abin da aka liƙa daga sama.

Kwalba mai zagaye ta fi son Photopea, wanda ake buɗewa kyauta a intanet kuma ya fi daɗin aiki a kwamfuta. Yanke tsakiyar sitikar, wato rabin da ido ke gani, ɗora a kan kwalbar, ka yi amfani da abin lanƙwasa hoto mai suna Warp ka ɗan lanƙwasa layin sama da na ƙasa su bi zagayen murfi da na gindi. Sai ka sa siririyar inuwa a gefen hagu da dama, mai duhu a baki tana washewa zuwa tsakiya. Inuwar nan ce ke sa ido ya yarda cewa takardar ta zagaya. Don riga ko jakar yadi, zaɓi Multiply a tsarin haɗa launi, sai ninkin yadin ya bayyana ta cikin tambarin.

Akwai kuma shiryayyun hotuna. A Canva, sashen Mockups yana da riguna, kofuna, jakunkuna da kwalaye. Ka ja zanenka ka saka, shi ke nan. Placeit ma haka, sai dai yawancin nasa na kuɗi ne. Shiryayyun fayilolin samfur irin na PSD da ake samu a shafin Freepik ana buɗe su a Photopea: danna ƙaramin hoton wurin da zane ke zama sau biyu, sa naka, ajiye, ka koma shafin farko ka tarar ya hau. Duba sharaɗin amfani, domin na kyauta sukan nemi a ambaci mai su. Waɗannan sun dace da riga, hula, kofi da allon shago, abubuwan da siffarsu ɗaya ce ko'ina. Ga abin ci da na shafawa kuwa, hoton mazubinka ya fi.

Manhajojin da ke ƙirƙiro hoto daga umarni suna iya ba ka bango mai kyau, amma sukan dagula rubutu, balle mai ƙugiya, su kuma ƙago kwalbar da ba ta wanzu ba. In za ka yi amfani da su, a bango kawai.

Gwajin takarda

Allon waya haske ne, bugu kuma tawada ce, shi ya sa kore mai ƙyalli da shuɗi mai walƙiya suke dusashewa a takarda. Jera sitikarka a shafin A4, mai santimita 21 da 29.7, ta 9 da 6 za ta shiga sau 8. In kana da zane biyu da kake waswasi a kansu, raba shafin huɗu-huɗu. Buga shafi ɗaya mai launi a inda ake buga takardun makaranta, ka ce kada a rage ko a ƙara girma. Yanke da almakashi, manna da gam.

Ɗauki kwalbar ka je butik ɗin unguwa. Ce wa mai shagon: "Malam, don Allah ara mani wuri a kanta minti biyu." Ajiye ta tsakanin gwangwanin madara da na tumatir, ka koma bakin ƙofa inda mai saye ke tsayawa. Kana iya karanta sunan daga nan? Ta fito, ko ta ɓace cikin jan tumatir? Tambayi mai shagon abin da ya ɗauka ke ciki, ba tare da ka gaya masa ba. In ya ɗauki man riɗinka a man shafawa, zanen bai gama aikinsa ba. Masu shago suna ganin hannun da ke miƙawa da wanda ke janyewa kullum, maganarsu ta fi ta abokai nauyi.

Sai gwajin wahala. Mai zoɓo ko kunun aya ya jefa kwalbar cikin kula da ƙanƙara ya bar ta rabin yini. Takarda za ta jiƙe ta saɓule, tawadar ruwa ta zube, a nan zai san sitikar roba yake buƙata. Mai mai ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan takardar ya dawo gobe. Kowa kuma ya ajiye ɗaya a rana, domin zafin Afrilu yana ɗaga gam mai arha. Baƙin bango yana da kwarjini a waya, amma a kanta shi ke fara nuna ƙura.

Fitar da hoton ga jama'a

Sitatus na WhatsApp yana son hoto mai fiksel 1080 da 1920, na Facebook da Instagram kuma 1080 da 1080 ko 1080 da 1350. Hoto ɗaya, magana ɗaya: suna, girma, farashi, lambar waya.

In za ka sa zane biyu a zaɓa, kada ka tambaya "wanne ya fi kyau?" Kowa zai ce masha Allah, duka sun yi. Tambaya: "Wanne za ka saya a jika ɗaya da rabi?" Da kuɗi ya shigo maganar, amsa takan canja. Ka kuma lura da wanda ke amsawa. In matan aure ne masu sayen kayanka, ra'ayin samarin majalisarku ba shi ne ma'auni ba. Tura wa ƴar uwa ta sa a zauren matan unguwa ko na masu adashi, ka haɗa da saƙon murya, domin da yawa sauraro suke yi ba karatu ba.

Daga nan kana iya karɓar oda kafin kaya su fito. Rubuta a jikin hoton, ba a ƙasansa ba, cewa hoton samfur ne, kaya za su fito ranar kaza. Hoto yana yawo daga waya zuwa waya, bayanin da ke ƙasa kuma yana faɗuwa a hanya. Hadisin nan na cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu bai tsaya kan mudu da tiya ba. Kwalbar da aka kumbura a hoto ma tana ciki. Nemi kafin alƙalami kaɗan, hannu da hannu ko ta Nita, Amana ko Airtel Money, ka rubuta sunan kowa da abin da ya bayar a littafi. Mutum 10 da suka ba da wani abu sun fi 200 da suka turo alamar yabo, kuma yawansu ne zai gaya maka ko 50 za ka buga ko 200. In ranar ta zo kaya ba su samu ba, kira kowa da kanka ka ba shi zaɓin jira ko karɓar kuɗinsa.

Hoton yana da amfani wajen manyan masu saye ma. Mai shirin biki da ke son kayan rabo, ka nuna mata sabulunka da sunan amarya da ango a jiki, aikin minti 10 ne tunda kana da hoton mazubin. Haka wanda kake so ya sa jari, ko ɗan uwa da ke Yamai ko Damagaram da zai riƙa karɓa yana sayarwa.

Zuwa madaba'a

Abu uku za ka riƙe: zanen a shimfiɗe a PDF ko PNG, hoton samfur, da mazubin kansa a hannu. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kaifi. Faɗi awon da santimita, faɗi irin takardar, ka nemi a buga maka shafi ɗaya ka gani kafin a saki inji. Manna shi a wurin, gaban mai bugun. Karanta lambar wayarka da ƙarfi, lamba bayan lamba, duba ƙugiyoyin haruffa ko sun tsira a kwamfutarsu, sannan ka ce a ci gaba. Gab da azumi da sallah layi yana tsawo, ka ba da aikinka da wuri.

Karon farko buga kaɗan, ko da kuɗin kowace ɗaya ya ɗan fi. Da kaya sun fito, koma kan farin kwalin nan, wuri ɗaya, haske ɗaya, ka ɗauki hoton na gaske ka maye gurbin na gwaji a sitatus da kundin kaya na WhatsApp Business. Hoton mazubin da babu sitika kuwa ka tura shi imel ɗinka ko Google Drive tare da zanen da awon da ka rubuta, don ranar da za ka fito da ƙaramar kwalba ko sabon ɗanɗano ka tarar da su ko an canja waya.